Na rubuta ɗan kod a QGIS: in mayar da shi fulogin in raba? Kuma zan iya sayarwa?

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce kana da ɗan rubutun Python da kake liƙawa a cikin QGIS, manhajar yin taswira, yana ɗaukar fayil ɗin CSV na rijiyoyin burtsatse da ma'aikatanku ke tattarowa da KoboToolbox, manhajar cike fom a waya, ya gyara kodinet, ya fitar da taswirar kowace mazaɓa, yanzu abokan aiki sun dame ka kowa a turo masa ta WhatsApp, shi ne kake tambaya ya ake mayar da shi fulogin, wato ɗan ƙarin da ake girkawa a cikin QGIS, ta ina ake rabawa, kuma ko za ka iya sa masa kuɗi.

Haɗa fulogin ɗin kansa ba wani aiki ba ne, wanda ya iya rubuta abin da ka rubuta zai iya gamawa tsakanin Asabar da Lahadi. Inda aikin yake shi ne bayan ka raba. Kai da kake zaune da bayanan rijiyoyi ai ka fi kowa sani, haƙa rijiya da ɗaukar hoto ranar buɗewa bai taɓa zama matsala ba, ka duba a CSV ɗin naka guda nawa aka rubuta ba ta aiki saboda babu mai gyaran famfo. To fulogin ma haka yake, ranar da mutum na farko da ba ka sani ba ya sauke shi ka zama mai gyaran famfo, ko ka shirya ko ba ka shirya ba.

Saboda haka kafin komai ka tambayi kanka ko fulogin kake buƙata ma. Ina zargin wani babban ɓangare na kod ɗin naka QGIS ya riga ya iya shi ba tare da ka rubuta layi ɗaya ba. Fitar da taswira ɗaya ga kowace mazaɓa aikin Atlas ne, yana nan cikin wajen tsara taswirar bugawa, ka ba shi leyar mazaɓu ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya fitar ma da PDF, kuma tun siga ta 3.16 akwai kayan aiki a cikin Processing, akwatin kayan sarrafa bayanai na QGIS, da ke fitar da Atlas ɗin kai tsaye. Sauya kodinet daga wani tsari zuwa wani shi ma yana nan. In haka ne abin da ya rage naka na kanka shi ne tsaftace bayanan Kobo, kuma wannan gara ka rubuta shi a matsayin kayan aikin Processing maimakon ka zana taga ta musamman mai maɓallai. Ka buɗe akwatin Processing, wajen alamar Python akwai inda za ka ƙirƙiri sabon rubutu daga samfuri, ka zuba kod ɗinka a cikin processAlgorithm, ka bayyana abin da yake karɓa da abin da yake fitarwa, shi kenan QGIS da kansa zai gina ma taga, da sandar da ke nuna ci gaban aiki, da maɓallin sokewa, da damar gudanar da shi kan fayil hamsin a lokaci guda, kuma mutum zai iya jona shi cikin zanen jerin ayyuka, ko ya kira shi da qgis_process ba tare da ya buɗe manhajar ba ma. Duk wannan kyauta. Wanda ya fara da zana taga a Qt Designer sai ya gina rabin waɗannan da hannunsa, sauran rabin kuma ba zai taɓa ginawa ba. Fayil ɗaya ne tal mai ƙarewa da .py, in mutum biyar ne a ofis ɗinku ni da a nan zan tsaya.

In kuma kun wuce haka, ko kana so mutanen wasu jihohi su amfana, to sai a naɗe shi ya zama fulogin. Fulogin ba komai ba ne illa folda guda. A ciki dole akwai metadata.txt wanda ke ɗauke da suna da lambar siga da bayani da sunan marubuci da imel da mafi ƙarancin sigar QGIS da zai yi aiki a kai, sannan __init__.py mai ɗauke da classFactory, wanda shi QGIS ke kira ya miƙa masa iface, wato igiyar da za ka riƙa taɓa taswira da menu da ita. Sai ajin fulogin ɗin mai ayyuka biyu, initGui da ke sa maɓallanka lokacin lodi da unload da ke kwashe su. Mutane suna raina unload ɗin nan, sai ka ga duk lokacin da aka sabunta fulogin maɓalli ya ƙaru ya zama biyu ya zama uku, duk abin da ka jona a initGui ka cire shi a unload, har da siginar da ka ɗaura. In kayan aikin Processing ne a ciki sai ka sa hasProcessingProvider=yes a metadata ɗin. Foldar kuma tana zama ne a cikin furofayil ɗinka ƙarƙashin python/plugins, kar ka wahalar da kanka neman ta a Windows, a menu na Settings wajen furofayil akwai inda za ka danna ya buɗe ma ita.

Za a ce ma ka sauke Plugin Builder ya ƙera ma ƙwarangwal ɗin, ba laifi, Gary Sherman ne ya yi shi, mutumin da ya fara QGIS ɗin kansa a 2002. Amma yana zubo fayiloli da yawa da sabon shiga bai san amfaninsu ba, kuma yana dogara da wani resources.qrc da sai an sarrafa shi da pyrcc5 kafin alamar fulogin ta fito, nan mutane da yawa suke maƙalewa a ranar farko. Ka bar wannan hanyar gaba ɗaya, ka kira hoton alamar kai tsaye daga foldar fulogin da os.path, dama a PyQt6, sabuwar sigar abin da ake zana taga da shi, an cire na'urar sarrafa wannan fayil ɗin. Wanda ba zan ce ka bari ba shi ne Plugin Reloader, in ba shi duk gyaran harafi ɗaya sai ka rufe QGIS ka sake buɗewa, a kan laftof mai RAM 4GB kuwa wannan azaba ce.

Yanzu ga inda nake so ka zauna ka natsu, abubuwan da ke aiki a kwamfutarka su ƙi a ta wani. Na farko sananne ne, hanyar fayil da ka rubuta a cikin kod mai ɗauke da sunanka, da sunayen ginshiƙai da ka ɗauka kowa haka nasa suke. Fom ɗin Kobo na wani ba naka ba ne, in tambayar wurinsa ya sa mata wani suna to ginshiƙan latitud da longitud ɗinsa wannan sunan za su ɗauka, don haka ka bar mai amfani ya zaɓi ginshiƙi da kansa. Kuma ka tuna CSV ɗin Kobo da waƙafi mai ɗigo yake raba ginshiƙai ba waƙafi zalla ba, sannan da zarar wani ya buɗe shi a Excel ya sake adanawa komai na iya canzawa, sifirin farkon lambar waya ya ɓace, haruffa su rikice.

Na biyu shi ne kodinet, kuma a nan mu muna da wani tarko da mutanen wasu ƙasashe ba su da shi sosai. A QGIS in za ka gina ɗigo x ne farko sannan y, wato longitud kafin latitud, alhali Kobo da waya da bakin mutane duk latitud suke fara faɗa. Bature a Jamus ko Amurka in ya juya su ɗigonsa zai faɗa wata nahiya ko cikin teku, nan take ya gane. Mu kuwa Kano tana wajen 12 arewa da 8.5 gabas, ka juya su sai ka sami 8.5 arewa da 12 gabas, wato wajajen Ganye a jihar Adamawa, har yanzu cikin Nijeriya, kan tudu, babu abin da zai yi ƙara. In gwajin da ka sa shi ne ko ɗigo yana cikin iyakar ƙasa to zai wuce salin alin. Abin da ya kamata shi ne fulogin ya duba ko ɗigon ya faɗa cikin mazaɓa ko ƙaramar hukumar da ma'aikacin ya zaɓa a fom, wanda bai faɗa ba ya ware shi a leya daban ya nuna wa mutum, kar ya goge kuma kar ya gyara a ɓoye. Ni a ganina wannan ɗan binciken shi ne ma abin da zai sa fulogin ɗinka ya cancanci a sauke shi, sauran duk akwai su a wani wuri.

Sai batun awo. Abin da waya ke bayarwa WGS 84 ne, lambar tsarinsa EPSG:4326, ma'auninsa digiri ne ba mita ba, in ka ce a zana da'irar mita 500 kewaye da rijiya a kansa zai zana ma digiri 500. Dole a koma UTM, tsarin da ke awo da mita shiyya-shiyya, kuma na tabbata 32632 ka rubuta a cikin kod ɗin tunda shi ne shiyyar 32 ta arewa da ta ɗauki daga digiri 6 zuwa 12 gabas, Kano da Kaduna da Katsina da Maraɗi da Damagaram duk suna ciki. To amma Sakkwato da Birnin Kebbi da Yamai suna shiyya ta 31, Maiduguri da Yola da Diffa suna ta 33. Ko dai ka lissafa shiyyar daga longitud ɗin bayanan, lissafin layi ɗaya ne, ko ka bar mutum ya zaɓa. Sannan ranar da wani safiyo ya kawo ma tsofaffin kodinet na takardar fili ko na wata ma'aikata, akwai yiwuwar a kan datum na Minna suke, wato tsohon tushen awo na Nijeriya, EPSG:4263, ko ɗaya daga cikin bel uku na ƙasa, wato shiyyoyin awo, 26391 na yamma da 26392 na tsakiya da 26393 na gabas. Bambancin Minna da WGS 84 a wajajen Kano ya kai kusan mita 80, galibi ta gabas da yamma, bai isa a gani a taswirar jiha ba amma ya isa ya ɗauke rijiya daga harabar makaranta ya kai ta gonar wani. Kar fulogin ɗinka ya yi zato, ya tambaya.

Na uku haruffanmu. Ƙ da ɗ da ɓ suna lalacewa a shapefile in ba a rubuta tsarin haruffan a ɗan fayil ɗin .cpg ba, ga shi kuma shapefile yana datse sunan ginshiƙi a harafi 10. Ka fitar da sakamako a GeoPackage ka huta, duk inda ka buɗe fayil a Python kuma ka faɗa masa utf-8 ƙarara, don Windows ba shi yake ɗauka da kansa ba. In kana haɗa teburi biyu ta sunan gari kuwa ka shirya ganin Ɗambatta da Dambatta da Danbatta, da kuma 'y ɗin Nijeriya da ƴ ɗin Nijar, shi ya sa a kullum gara a haɗa da lambar mazaɓa in akwai.

Na huɗu, kuma shi ya fi kashe fulogin a hannun mutane, laburaren waje, wato kod ɗin wasu da naka ke kira. In ka rubuta import pandas ko geopandas don akwai su a kwamfutarka, to ka sani a Windows da Mac QGIS da nasa Python yake zuwa, abin da ke cikin Python ɗin da yake amfani da shi kuma ya bambanta tsakanin Windows da Mac da Linux. Mai amfani zai danna, jan rubutu ya fito, ka ce masa ya buɗe OSGeo4W Shell ya rubuta pip kaza, a kwamfutar ofis da ba shi da izinin girka komai, da datar da yake lallaɓawa, wallahi ba zai yi ba, cire fulogin ɗin zai yi. Aikin CSV irin naka babu abin da csv na Python da ajujuwan QGIS ba za su yi ba. In ya zama dole, laburare ƙarami da aka rubuta da Python zalla za ka iya sa shi cikin foldarka matuƙar lasisinsa ya yarda. Haka in daga baya ka ce fulogin ya riƙa jawo bayanai kai tsaye daga sabar Kobo, ka bi ta hanyar sadarwar QGIS irin su QgsBlockingNetworkRequest don ta san saitin furoksi na ofis, aikin kuma ya tafi ta bayan fage, ka sa a ranka intanet zai yanke a tsakiya domin zai yanke. Abu ɗaya da za ka kiyaye, kayan aikin Processing a bayan fage yake gudu, in ka taɓa iface ko tagar taswira daga can QGIS na iya rufewa ɗungurungum ba sallama, wanda dole sai ya taɓa su ana sa masa alamar FlagNoThreading.

To rabawa. Tura zip ta WhatsApp yana aiki, akwai wajen girkawa daga zip a manajan fulogin, amma bayan wata uku za ka sami siga huɗu suna yawo, wani ya kira ka yana ƙorafin matsalar da ka gyara tuntuni, ba ka san wanne ke hannunsa ba shi ma bai sani ba. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne ba rumbun QGIS na hukuma ne kaɗai rumbu ba. Rumbu ɗan fayil ne na XML, galibi plugins.xml, mai ɗauke da sunan fulogin da sigarsa da adireshin da za a sauke zip ɗin. Ka ɗora shi a GitHub, shafin ajiye kod a intanet, ko sabar ofis, kai ko kwamfuta ɗaya a ofis da ke kan netwok ɗaya da sauran ta isa, kowa ya shiga saitin manajan fulogin ya ƙara adireshin sau ɗaya, daga ranar duk lokacin da ka ɗaga lambar siga QGIS zai nuna musu akwai sabo. Ga fulogin da ya dogara da fom ɗin ƙungiyarku kaɗai wannan ita ce hanyar, babu dalilin kai wa duniya abin da mutum goma sha biyu kawai za su iya amfani da shi. Akwai qgis-plugin-ci da zai riƙa haɗa zip ɗin da XML ɗin da kansa duk sanda ka fitar da siga a GitHub, amma wannan sai ka zauna da gindinka tukuna.

Rumbun hukuma kuma shi ne plugins.qgis.org, wanda kowane QGIS a duniya yake zuwa a jone da shi, fulogin da ke ciki sun haura 2,000. Kafin ka ɗora ka rubuta Kobo ko ODK, wata manhajar cike fom irinta, a wajen bincike ka ga me aka riga aka yi, masu tantancewa ba sa son a maimaita abin da ke akwai, kuma wani lokacin aika gyara ga fulogin ɗin wani ya fi buɗe naka amfani, ya ma fi fito da sunanka. In ka ga naka daban ne, za ka buɗe asusun OSGeo, gidauniyar da QGIS ke cikin ayyukanta, wajen rajistar suna neman wata kalma da suke kira mantra da sai ka roƙa a ba ka, don korar masu tura shara ne. Zip ɗin ya ƙunshi folda ɗaya tak, sunanta da haruffan Turanci ba tazara ba ƙugiya tunda Python zai kira ta, ka cire __pycache__ da .git, ka sa fayil ɗin LICENSE, kar ya wuce 25MB, kuma ba a son fayilolin da aka riga aka sarrafa irin .exe da .dll. A metadata dole adireshin inda kod ɗinka yake a fili ya yi aiki, da na inda za a kai ƙorafi, da na shafin bayani, kod ɗin da ke can kuma ya zama shi ne na cikin zip. Bayanin da Turanci ake so, ko da fulogin ɗin na Hausawa ne. Mutane ne ke tantancewa, sigar farko tana jiran amincewarsu, in sun dawo ma da gyara ka gyara kawai ba faɗa ba ne. Ka fara da experimental=True, waɗanda suka kunna ganin na gwaji ne kawai za su gan shi, ka sami masu gwadawa ba tare da ka tara jama'a a kanka ba.

Af, maganar harshe. Cewa bayanin rumbu Turanci ne bai hana tagar fulogin ɗin ta yi Hausa ko Faransanci ba. Duk rubutun da mutum zai gani ka naɗe shi da tr, wato alamar rubutun da za a fassara, tun yanzu, daga baya a fitar da fayil ɗin .ts a fassara da Qt Linguist. In kana hangen mutanen Maraɗi da Damagaram Faransancin zai yi ma amfani ƙwarai, kuma sa tr tun farko minti kaɗan ne, komawa a bi layi layi daga baya shi ne wahala.

Sai kuɗi, wanda na san shi ka fi jira. QGIS yana ƙarƙashin lasisin GPL ne, siga ta 2 ko sama, PyQt ma da ake zana taga da shi GPL ne, kuma matsayar aikin QGIS ita ce fulogin da ke kiran laburarensa in za a raba shi dole ya bi lasisin da ya dace da wannan. GPL bai hana ka karɓar kuɗi ba, wannan kuskuren fahimta ne da ya yaɗu. Abin da ya ce shi ne duk wanda ka ba wa, ko da kuɗi ko kyauta, yana da haƙƙin ya ga kod ɗin, ya canza, ya ba wani. Wato za ka iya sayar wa mutum na farko, amma ba ka da ikon hana shi tura wa mutum ɗari, kuma tunda Python ne kod ɗin a buɗe yake a gabansa dama. Masu sa kalmar sirri da lambar kunnawa suna ɓata lokacinsu ne, layi biyu za a goge. Ka dubi yadda waɗanda ke cin abinci da wannan harkar suke yi. Mergin Maps na kamfanin Lutra Consulting da QFieldSync na OPENGIS.ch fulogin ɗinsu kyauta ne, kuɗin yana wajen sabar da ke ajiye bayanai da haɗa aikin ma'aikatan fili. North Road suna da SLYR mai juya fayilolin ArcGIS, wata manhajar taswira ta kuɗi, zuwa na QGIS, cikakkiyar sigar ta kuɗi ce, suna kuma sakin sassanta ga kowa a hankali. Wasu kuma hukuma ce ke biya a gina, kamar InaSAFE da aka yi da hukumar bala'o'i ta Indonesiya da gwamnatin Ostireliya da Bankin Duniya, ko STDM na rajistar filaye da ya fito daga UN-Habitat. A wajenmu abin da na ga yana kawo kuɗi shi ne ƙungiya ta ce a daidaita mata shi da fom ɗinta, ko a horar da ma'aikatanta, ko a ɗauki nauyin kula da shi na shekara, fulogin ɗin da ke fili shi ne shaidar cewa ka iya.

Amma kafin ka ɗora ko layi ɗaya a GitHub ka yi magana da ogan ka. In a lokacin aiki ka rubuta, da kwamfutar ofis, don aikin ofis, akwai yiwuwar ba naka ba ne a doka, ka duba takardar ɗaukarka aiki, ka kuma sami amincewa a rubuce ko da imel ne. Sannan ka bincike foldar da kyau. Lambar sirrin shiga asusun Kobo kar ta kwana a cikin kod, QGIS yana da ma'ajiyar kalmomin sirri tasa, kuma abin da ya taɓa shiga tarihin Git yana nan ko ka goge shi daga baya, sai dai ka canza lambar. Bayanan gwaji da za ka haɗa su zama na ƙirƙira, CSV ɗinku na gaske akwai sunayen masu unguwa da lambobin waya da daidai inda gidajen mutane suke, ga dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023, ga kuma halin tsaro da wasu ƙauyukan ke ciki wanda ya fi dokar ma nauyi. Ta ɗaya ɓangaren kuma fulogin yana gudu ne da cikakken ikon mai kwamfuta, zai iya karanta kowane fayil ya aika ko'ina, shi ya sa sabawa mutane da girka duk zip ɗin da ya faɗo a guruf ba tarbiyya mai kyau ba ce.

Abu na ƙarshe da ke cin masu fulogin shi ne QGIS ba ya tsayawa. Duk wata huɗu sabuwar siga, sau ɗaya a shekara kuma a ware ɗaya ta zama mai dogon tallafi, LTR, irin su 3.28 da 3.34 da 3.40. A cikin jerin 3 ba a cika karya kod ba, amma lokacin da aka tashi daga 2 zuwa 3.0 a 2018, aka koma Python 3 da Qt5, fulogin masu yawa sun mutu a nan don masu su sun kama wani aiki. Ƙaura zuwa Qt6 da QGIS 4 ba ta kai waccan zafi ba amma tana cizo, kai da kake farawa yanzu sai ka rubuta yadda zai yi aiki a duka biyun: ka riƙa kiran qgis.PyQt maimakon PyQt5 kai tsaye, ka rubuta cikakken suna irin Qt.AlignmentFlag.AlignLeft ba Qt.AlignLeft ba, exec ba exec_ ba, akwai ma rubutun pyqt5_to_pyqt6.py a cikin kod ɗin QGIS da ke yin yawancin juyin. Wajen qgisMinimumVersion, wato mafi ƙarancin sigar da ake rubutawa a metadata, kuma kar ka sa sigar da ke kwamfutarka don kawai ita ce a gabanka, ka zagaya ofis ka ga me mutane ke da shi, za ka tarar da masu 3.16 da 3.22 da aka girka musu daga filasha shekarun baya ba su sake taɓawa ba, ka sa mafi tsufar da ka gwada da hannunka, wadda ba ka gwada ba kar ka yi mata alƙawari. In wata rana ka gaji ko ka canza aiki, ka sa deprecated=True ko ka ƙara wani a matsayin mai kula da shi a rumbun.

A wannan makon dai ka mayar da ɓangaren tsaftace CSV ɗin kayan aikin Processing, taswirorin ka bar wa Atlas, ka ba mutum biyu da ba su taɓa ganin kod ɗin ba su gwada a kwamfutarsu kana tsaye ba ka ce komai ba, ɗaya daga cikinsu ya zama mai bayanan Sakkwato ko Borno. In ka gama ka turo min layin farko na CSV ɗin, sunayen ginshiƙan kawai ba bayanan mutane ba, da wajen da kake gina ɗigon a kod, in duba ma x da y ɗin.